Yaro mai asma da ake ta dawowa da shi: yaya ake bin ƙa'idar jiyya a ƙaramin asibiti da ba nebulaiza?

Jami'inLafiya_Dukku ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Ina neman a warware mini wani abu da ya yi yawa a ƙananan asibitocinmu, musamman yanzu da hunturu ya kama, hazo ya rufe gari.

Ga misali. Yaro ɗan shekara 4, nauyinsa kilo 15. Cikin wata shida an kawo shi sau huɗu da tari da haki, ƙirji na fito kamar usur. Uwar ta ce tarin ya fi tsananta daga tsakar dare zuwa asuba, kuma in ya yi guje-guje da yara sai ya tsaya ya dafa gwiwa. Zazzaɓi ba ya yin yawa. Katinsa kuwa kullum abu ɗaya ne: amoksisilin, salbutamol na ruwa, maganin tari, wani zuwan a ƙara da allurar haidirokotison. Ya ji sauƙi, a tafi da shi, bayan sati biyar ko shida a dawo.

Kayan aikin da ke hannu: abin sauraron ƙirji, agogo, ma'aunin oksijin na yatsa, sai injin oksijin da ba ya aiki sai an tada janareta. Ba nebulaiza, wato na'urar da ke mayar da magani tururi a shaƙa, ba kuma na'urar gwajin huhu.

Shin za a iya cewa yaro ƙarami haka yana da asma ba tare da gwaji ba? Idan ya zo cikin tashin ciwon, me ƙa'ida ta ce a yi da abin da muke da shi? Sannan me zai hana wannan sintirin? Allah ya saka da alheri.

LikitarYara_Gombe ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da na tsakiya, don shi ne mai kisa.

Kafin ka taɓa magani, ka ba kanka minti biyu ka kalli yaron. Yana iya magana ko shan ruwa? Leɓe da harshe sun yi shuɗi-shuɗi? Yana gyangyaɗi ko ya rikice? Ƙirga numfashinsa cikakken minti ɗaya da agogo, riga a ɗage, kada ka ƙirga daƙiƙa 15 ka ninka, numfashin yara ba ya tafiya daidai. Sa masa ma'aunin oksijin ka jira lambar ta tsaya. A ƙa'idar GINA, wato shirin duniya kan asma da aka kafa a 1993 wanda ke sabunta rahotonsa kowace shekara, yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa yana cikin mai tsanani idan ya kasa magana ko sha, ko numfashi ya wuce 40 a minti, ko oksijin ya gaza 92 cikin ɗari, ko bugun zuciya ya wuce 180 ga ɗan shekara 3 zuwa ƙasa, 150 ga ɗan 4 da 5. Ɗaya daga ciki ya isa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ƙirjin da ya yi shiru. Yaro na fama, haƙarƙari na lotsawa, ka ɗora abin sauraro ba ka ji fito ba, sai ka ɗauka da sauƙi. Iskar da za ta yi fiton ce ba ta shiga. Wannan ya fi mai ƙara haɗari nesa ba kusa ba.

Maganin farko salbutamol ne na shaƙa, ta cikin gorar shaƙa, wadda muke ce wa sifesa. Rashin nebulaiza bai rage ka da komai ba a yawancin yara, don inhela da sifesa suna aiki daidai da ita, har ma bugun zuciya bai cika tashi sosai ba. Kowane feshi maikirogiram 100 ne. Ɗan shekara 5 zuwa ƙasa feshi 2 zuwa 6, ɗan 6 zuwa 11 feshi 4 zuwa 10, a maimaita duk minti 20 har sau uku cikin awar farko. Yaronka in ya zo da tsanani, ka fara da 6 kai tsaye, ba sai ka lallaɓa da 2 ba. Bayan kowane zagaye ka sake ƙirga numfashi ka sake duba oksijin, ka rubuta lokacin.

Firednisolon, wato sitiroid na ƙwaya mai kwantar da kumburi, a ba shi cikin awar farko idan ciwon mai tsanani ne, ko kuma zagayen farko bai kawo sauƙi mai gamsarwa ba. Miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo, sau ɗaya a rana. Iyakarsa miligiram 20 ga wanda bai kai shekara 2 ba, 30 ga ɗan 2 zuwa 5, 40 ga ɗan 6 zuwa 11. Mai kilo 15, ƙwaya huɗu ta miligiram 5 ta wadatar, a daka a dama da ɗan ruwa da sukari don yana da ɗaci. Kwana 3 zuwa 5, sai a tsaya ɗungurungum, ba ya buƙatar a riƙa ragewa a hankali in bai kai sati biyu ba. Sai ya yi wajen awa huɗu kafin aikinsa ya bayyana, shi ya sa ba a jinkirta shi. Allurar haidirokotison ba ta fi ƙwayar sauri ba. Ajiye ta don yaron da ke amai ko ba ya iya haɗiya.

Batun oksijin, za ka ga lambobi biyu kada su rikita ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙasa da 90 a matsayin inda dole a ba da oksijin, don ta yi la'akari da wuraren da yake da ƙaranci. GINA kuma ta ce a riƙe yaro mai asma tsakanin 94 da 98. In kana da shi, ka bi ta biyun. Lita 1 zuwa 2 a minti ta bututun hanci don farawa, kuma kada ka cire bututun lokacin shaƙar magani.

Yanzu ga sanin ko asma ce. A ƙasa da shekara 6 ba gwajin na'ura ake dogara da shi ba ko a babban asibiti, don yaron ba zai iya hura ta yadda ake so ba. Tarihi ake bi. Abin da ke ƙarfafa zato: tashin ciwon fiye da sau uku a shekara, mura da ke jan tari da fito fiye da kwana goma, tarin dare, tari ko haki da wasa ko dariya ko kuka alhali ba mura, ƙaiƙayin fata mai bushewa a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, yawan atishawa da yoyon hanci, ko asma a uwa, uba ko 'yan ɗaki ɗaya. Ga kuma hujjar da ke gabanka: fito da saurin numfashi sun ragu minti 15 bayan salbutamol. Tsarin IMCI na kula da cututtukan ƙananan yara da kuke aiki da shi ma haka ya ce, yaro mai fito da saurin numfashi a gwada masa maganin shaƙa har sau uku, a sake ƙirga numfashin, sannan a yanke ko limoniya ce. Tsallake wannan matakin shi ya sa katin yaronka ya cika da amoksisilin.

Amma kafin ka liƙa masa sunan asma ka kawar da waɗannan. Fito da ya fara farat ɗaya, a gefe guda na ƙirji, a yaron da ke cin gyaɗa ko wasa da ƙwayar masara: abu ne ya faɗa hanyar iska, tura shi. Tari fiye da sati biyu da rama, zazzaɓin dare, ko babba mai tari a gidan: a yi binciken tarin fuka. A nan sai an kula da harshe ma, don iyaye kan ce "fuka" suna nufin asma, wani ya ji "tarin fuka" ya tafi da wata fahimta daban. Jaririn da bai kai shekara ba, karon farko, da mura: yawanci kumburin ƙananan hanyoyin iska ne na ƙwayar bairas, salbutamol bai cika yi masa komai ba. Numfashi mai zurfi ba fito, tafin hannu fari fat: zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani ko ƙarancin jini. Yaron da ba ya girma, yana gumi in yana shan nono, hanta ta sauko: a duba zuciya. Mai sikila da ciwon ƙirji da zazzaɓi kuwa, wannan na babban asibiti ne, kuma sitiroid na iya tayar masa da ciwon ƙashi bayan an daina.

Amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce wadda ba ta cikin katin ko sau ɗaya. Asma kumburi ce da ke zaune a bangon hanyoyin iska ko da yaro na wasa lafiya lau. Salbutamol yana sassauta tsokar da ta shaƙe hanyar na awa huɗu zuwa shida, bai taɓa kumburin ba. An kashe maciji ba a sare kai ba. Mai kwantar da kumburin shi ne sitiroid na shaƙa, kullum, safe da dare. Beklometason maikirogiram 100 zuwa 200 a rana shi ne ƙaramin awo. Ka ɗora shi a kai wata 2 zuwa 3. In ya samu sauƙi a bayyane, aka janye kuma ciwon ya dawo, ka samu magani ka kuma samu tabbacin ciwon a lokaci guda. Ka gaya wa uwar tun ranar farko cewa wannan ba ya aiki nan take, sai an yi sati ɗaya zuwa biyu za ta fara ganin bambanci, cikakken amfaninsa kuma ya fi haka jimawa. In ba ka faɗa ba, kwana uku za ta ajiye shi ta ce na bogi ne.

SistaWodinYara ta rubuta:

Likita ta gama magana, Allah ya ƙara basira. Zan tsaya ne a kan gorar, don a nan ake zubar da maganin.

Sifesa ta kanti tana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Robar ruwa ko ta lemo mai cin mililita 500 tana maye gurbinta. Ba dabarar ƙauye ba ce, an gwada ta a kan yara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, aka buga sakamakon a 1999, ta yi aiki kamar ta kanti. A cire murfin inhela, a ɗora bakinta a gindin robar a zana da biro. A lanƙwasa waya daidai zanen, a gasa ta a wuta, a ƙona ramin, a cusa bakin inhelar tun robar na da ɗumi don ta kama shi tsam. In an yanka da reza ramin kan yi faɗi, maganin ya riƙa fita ta gefe, to sai a liƙe da salatif. Yaro ɗan 4 zuwa sama ya kama bakin robar da leɓe kamar zai sha ruwa. Ƙarami kuwa sai an haɗa da abin rufe hanci da baki, ya zauna daram a fuska, ba tazara. Tazarar da yatsa zai shiga ta isa ta ɓatar da mafi yawan maganin.

A wanke robar da ruwan sabulun wanke kwanuka, a bar ta ta bushe da kanta. Kada a goge cikinta da tsumma. Gugar na sa roba ta yi irin maganaɗisun nan da ke sa gashi miƙewa da hunturu, sai maganin ya manne a bango maimakon ya shiga huhu.

Yadda ake bayarwa: a girgiza inhela, a fesa ɗaya, yaro ya yi numfashi 5 zuwa 10 na al'ada a ciki, a cire, a sake girgizawa, a fesa na biyu. Kuskuren da ya fi yawa, har a wajen ma'aikata, shi ne a danna sau shida a jere sannan a kai bakin yaro. Ƙwayoyin maganin sai su dunƙule su zube a cikin robar. Na biyu shi ne a danne yaro yana tsala ihu a ce ai kukan na sa ya ja maganin sosai. Mai kuka fitar da iska yake yi mai tsawo, jan kuma gajere ne, maganin a maƙogwaro yake tsayawa. A zaunar da shi a cinyar uwa, bayansa a ƙirjinta, a bar shi ya fara wasa da robar tukuna.

Malam, ku ajiye irin wannan roba guda uku ko huɗu a shirye a ɗakin duba marasa lafiya, da inhela ɗaya ta gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada uwa ta fita sai ta yi a gabanka da hannunta. "Kin gane?" "Na gane" ba koyarwa ba ce.

Bayan sitiroid na shaƙa a kurkure baki a zubar, a goge fuska in an yi amfani da abin rufe fuska, don gudun farin ƙurajen baki da dushewar murya. Mafi sauƙin tunawa a ɗaura shi da alwalar asuba da ta isha: a shaƙa, sannan a yi alwala, kurkurar ta zo da kanta.

Jami'inLafiya_Dukku ya rubuta:

Na gode ƙwarai Likita, na gode Sista. Abu biyu suka rage mini. Allurar aminofilin ta buɗe hanyar iska fa? Manyanmu da shi suka saba, kuma yana nan a ma'ajiyar magani. Sannan iyaye ba sa son inhela, suna cewa in yaro ya fara ba ya bari, ga tsada. Na ruwan suka fi karɓa.

MaiHarhaɗaMagani_Pantami ya rubuta:

Malam, bari in ɗauki na kuɗi da na ruwan, aminofilin in bar wa Likita.

Salbutamol na ruwa da na ƙwaya ƙa'idojin yanzu ba su yarda da su ba. Cokali ɗaya na ruwan miligiram 2 ne, wato daidai da feshi ashirin, amma sai ya bi ciki ya shiga jini ya zaga jiki duka kafin kaɗan ya isa huhu. Ya fi jinkirin aiki, ya fi sa rawar hannu, bugun zuciya da rashin barci. Na shaƙa cikin minti biyar ya fara aiki. Maganin tari kuma ba shi da gurbi a nan ko kaɗan, balle mai sa barci. Yaron da ke kokawa da numfashi ba a kwantar masa da ƙwaƙwalwa. Mai kodin dai gwamnatin tarayya ta hana shi tun 2018, amma masu sa gyangyaɗi irin na mura suna nan birjik a kemis.

Tsada gaskiya ce, ba a musu. Tun da kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa kai tsaye a Najeriya a 2023, inhelojinsa Ventolin da Seretide suka yi tashin gwauron zabi. Sai dai ba dole sai su ba. Akwai salbutamol da beklometason na wasu kamfanoni, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ka yi wa uban yaron lissafi a takarda: kwalbar beklometason feshi 200 ce, ɗaya da safe ɗaya da dare, kwana 100 ke nan, wata uku da 'yan kwanaki. Ya kwatanta da kuɗin mota, kati, allura, amoksisilin da ranar kasuwar da ya rasa, sau huɗu cikin wata shida. Yawancinsu a nan suke sauka.

Maganar "ba ya bari" kuwa, abin da mutane ke gani shi ne masu amfani da shuɗiyar inhela, wato salbutamol, ita kaɗai. Kumburin na nan ba a taɓa shi ba, kullum buƙatar na ƙaruwa, sai a ce maganin ne ya kama su. Shi ya sa tun 2019 GINA ta daina yarda a riƙe manya da matasa da salbutamol shi kaɗai, ɗan 6 zuwa 11 ma ko a matakin farko an ce duk lokacin da ya shaƙi salbutamol ya bi shi da sitiroid na shaƙa. Ma'auni mai sauƙi: duk yaron da ke cinye shuɗiyar kwalba uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwo. Tambayi kwalba nawa aka saya, ya fi tambayar "yaya jikin?" fito da gaskiya.

A kula da Seretide. Mutane sun san sunansa sai a rubuta wa kowa. Haɗi ne na sitiroid da salmeterol mai dogon aiki, ba na gaggawa ba ne, ba kuma matakin farko ba ne. Wurinsa mataki na uku a ɗan shekara 6 zuwa sama, bayan ƙaramin awon sitiroid ya gaza. A ɗan 5 zuwa ƙasa in ƙaramin awo ya gaza, ninka shi ake yi na wata uku, in bai yi ba a tura wa likitan yara. Irin na gari da ake zuƙa, kamar Symbicort, yana son jan numfashi mai ƙarfi, ɗan shekara 4 ba zai iya ba, kuma ba a haɗa shi da gora. Montelukas, ƙwayar hana tashin asma, miligiram 4 ga ɗan ƙasa da 6, miligiram 5 ga ɗan 6 zuwa 14, yana da sauƙin bayarwa tunda taunawa ake yi, amma bai kai sitiroid na shaƙa ƙarfi ba. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi girma saboda mugun mafarki, sauyin hali da damuwa. In an rubuta shi a faɗa wa iyaye su sa ido.

Tsoron sitiroid kuma, iyaye na tuna masu shan ƙwayoyin ƙiba da fuskarsu ke kumbura. Awon shaƙa ɗan mitsitsi ne in an gwada da wannan. Abin da aka tabbatar shi ne yana iya rage tsawon yaro da kimanin santimita ɗaya, don haka a auna tsawo aƙalla sau ɗaya a shekara. Firednisolon da ake maimaitawa duk wata shi ne abin tsoro.

Wani ƙaramin abu: kwalbar da maganinta ya ƙare tana ci gaba da yin "fis" don iskar turawa ta rage. Jefa ta a ruwa don a ga ko za ta yi iyo ba ya nuna komai, yana ma ɓata bakin. A rubuta ranar da aka fara a jikinta. Kada kuma a bar ta a cikin mota ko a taga, zafin Maris da Afrilu a nan ya wuce abin da aka yi ta don shi.

LikitarYara_Gombe ta rubuta:

Aminofilin, Malam, ka bar shi a ma'ajiya. Tazarar da ke tsakanin awon da ke aiki da wanda ke sa amai, rikicewar bugun zuciya da jijjiga ƙarama ce, a tura shi da sauri kuma yana iya tsayar da zuciya. Ba ka kuma san ko an riga an ba yaron ƙwaya mai tiyofilin daga kemis ba. GINA ba ta ba da shawararsa. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da yara a asibiti ya bar shi can ƙarshe, ga yaron da ke kwance ana sa masa ido kuma komai ya gaza. Abin da ke gaba da shi a layi: ifiratirofiyum maikirogiram 250 ta nebulaiza duk minti 20 a awar farko tare da salbutamol, sai magnesiyam salfet ta jijiya, miligiram 40 zuwa 50 a kilo, iyaka giram 2, a tsarma shi ya shiga cikin minti 20 ko fiye. Na san kuna da shi saboda masu jijjigar ciki. Na kashi 50 cikin ɗari miligiram 500 ne a mililita ɗaya, mai kilo 15 mililita ɗaya da rabi ke nan. Amma yana saukar da hawan jini, sai inda za a iya aunawa a kai a kai. In yaro ya kai ba ya iya jan maganin shaƙa sam, adirenalin na 1 cikin 1000, mililita 0.01 a kilo a ƙarƙashin fata, iyaka 0.3, wato 0.15 ga yaronka, da sirinjin mililita ɗaya.

Sallama: sai oksijin ya tsaya sama da 94 ba tare da bututu ba, yana sha yana magana, kuma ya iya kai awa uku zuwa huɗu tsakanin shaƙa. Ya tafi da salbutamol, gora, sauran kwanakin firednisolon, da beklometason tun ranar. A dawo da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, sannan bayan wata ɗaya. Rubuta wa uwar a takarda, da boko ko ajami, wanda ake karantawa a gidan: in ciwon ya tashi feshi 2, a jira minti 20, a maimaita har ya cika sau uku gaba ɗaya. In ya buƙaci fiye da feshi 6 cikin awa biyu, ko ya kasa magana ko sha, ko haƙarƙari na lotsawa, a taho ko tsakar dare ne.

A kowane dawowa tambaya huɗu ce game da sati huɗun da suka wuce: ciwon na tashi da rana fiye da sau ɗaya a sati? Yana tashi ko tari da dare? An nemi shuɗiyar inhela fiye da sau ɗaya a sati? Ya rage wasa? Ga ɗan 6 zuwa sama ma'aunin fiye da sau biyu ne a sati. Ba ko ɗaya, ciwo ya kwanta. Ɗaya ko biyu, da saura. Uku ko huɗu, bai kwanta ba. Kafin ka ƙara awo ka ce a fito da inhela da gorar a yi a gabanka, ka tambayi kwana nawa aka tsallake a satin nan, ka tambayi gidan. Yawanci matsalar tana ɗaya daga ukun nan.

Gidan kuwa sai ka ambaci abubuwa da sunansu, don uwa ba ta lissafa turaren wuta a cikin hayaƙi. Turaren wuta a ɗakin kwana, maganin sauro na kunnawa, fiya-fiya, kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki da hunturu a rufe ƙofa, goya yaro a bakin murhu, janareta a gindin taga, taba, kyankyasai, shara ba a yayyafa ruwa ba, tsayawa inda ake sussuka da shiƙa da kaka. Gidan sauro ya maye gurbin na kunnawa. Turaren a yi shi yaro ba ya nan, a buɗe taga. Kada a hana shi wasa ko ruwan sanyi, in guje-guje na tada ciwon alama ce maganin kullum bai isa ba.

In ya yi wata uku lafiya ana iya rage awon da kwata zuwa rabi, amma kada ka yi haka a bakin hunturu, ka jira ƙura ta lafa. Manyan yara masu azumi a mayar musu da shaƙar sahur da bayan shan ruwa. Ɗan 6 zuwa sama in da hali a tura shi gwajin huhu ko sau ɗaya, a hura kafin salbutamol da minti 15 bayansa, ƙarin kashi 12 cikin ɗari ko fiye yana tabbatar da ciwon.

Wanda za ka turo Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Ƙwararru a nan Gombe: duk mai tsanani da bai sauko ba bayan awar farko, mai ƙirji shiru ko gyangyaɗi tun zuwansa, wanda aka ninka masa awo bai kwanta ba, da wanda kake shakkar ciwon nasa. Ka ba shi firednisolon kafin motar ta tashi. Tafiyar Dukku zuwa Gombe ba ta minti ashirin ba ce, saboda haka ma'aikaci ya bi su da inhela da gora a hannu, feshi 6 duk minti 20 a hanya, yaron a zaune a jingine, kada a kwantar da shi. A takardar turawa ka sa nauyinsa, lambar oksijin da ya zo da ita, feshi nawa ya samu, da ƙarfe nawa aka ba shi sitiroid, don kada a sake ba shi in ya iso.